Rumbu da Sito

Ni ne marubucin ƙungiyar manoman riɗi
a nan gefen Maigatari.
Wasiƙun 'yan kasuwa ta hannuna suke bi:
farashi, ranar awo, lambar asusu,
da sunan wanda bai biya bashin taki ba.

Tasi'u ɗan ƙanwata, da ya dawo daga Dutse,
ya ɗora min manhaja a tsohuwar kwamfutar ofis.
Ya ce, "Kawu, wannan rumbu ne.
Saƙo in ya zo, sai ta jawo shi ciki ta rufe.
Ko sabis ya ɗauke kwana uku,
ka buɗe ka karanta abinka."
Na ji daɗi.
Mu da sai mun hau tudun bayan firamare
muna ɗaga waya sama kamar masu duban wata
kafin layi ɗaya ya shigo.

Hajiya Tabawa, ma'ajiyarmu, ta ce ita a'a.
Nata wasiƙun suna can wurin kamfani,
ta intanet take leƙa su,
a wayarta, a ta jikarta, ko a shagon Ilu.
"Sito ne," in ji ta, "da mai gadi dare da rana.
Gara ba ta cin abin da ba ya ƙasa."
Na ce, "Mai siton fa?
Ya san buhu nawa kika shigar,
daga wa, ƙarfe nawa.
Kin taɓa ganin sito kyauta a kasuwa?"
Ta ce, "Ya sani ɗin. Riɗina zai ci?"

Wata Alhamis ta buɗe akwatinta a shagon Ilu.
Aka kira la'asar, ta tashi ba ta rufe ba.
Wanda ya gaji kujerar dillali ne.
Bai ɗauki komai ba, karantawa kawai ya yi.
Washegari ya riga mu wurin mai saye
da ragin dubu biyu a kowane buhu.
Na yi dariya a ciki, Allah ya yafe min.

Dariyar ba ta kai kaka ba.
Ruwan marka ya gano ƙusa ɗaya mai tsatsa a rufin ofis,
ɗigo, ɗigo, dare guda,
daidai kan teburina.
Da safe na danna. Shiru.
Wasiƙun shekara huɗu,
yarjejeniyar mutanen Kano, rasit ɗin tallafi,
sun jiƙe a rumbun da ni kaɗai na san ƙofarsa.
Sirri ya tsaru,
har ni ya ɓoye wa.

Hajiya ba ta ce uffan ba.
Ta buga min kwafin yarjejeniyar daga sitonta,
ta haɗo da goro biyu ta hannun jikarta.

Da na kai wa Tasi'u ƙara, sai ya sosa ƙeya:
"Kawu, akwai abin da ban faɗa ba.
Kowane saƙo, kafin ya iso rumbunka,
sai ya kwana a siton nan.
In ba ka son mai sito ya gani,
kulle shi tun yana hannunka,
mai karɓa ma ya riƙe nasa makulli."
Na tuna Alhaji Maikuɗi mai saye,
wanda kalmar sirrinsa ke rubuce da alli
a jikin ƙofar shagonsa.
Na ce, a bar maganar.

Yanzu na sayo wata kwamfutar, ta gwanjo.
Duk Juma'a nakan juye wasiƙu a ɗan filas,
in sa a gwangwanin madara ƙarƙashin gadon Lantana.
Hajiya kuma ta sa ana turo mata lamba a waya
kafin ƙofar sito ta buɗe,
ta daina zama a shagon Ilu.

Jiya wayar ta faɗa rijiya.

Ga ta nan zaune, tana kallon kwamfutata.
Ni ina kallon rufi.
Hadari na haɗowa daga gabas.